Hanji ko naɗin waya a tsirkiyoyin ƙasa na lut?

Ɗan'uwa, ka ce ka sami lut, molon nan na Turawa da ya samo asali daga udin Larabawa, kana tambayar abin da za ka ɗaura a ƙasa, wajen tsirkiyoyi masu kaurin murya: hanji zalla ko wadda aka naɗe da waya. Na gwada duka biyun, kuma tun yanzu in faɗa maka, hanji ya fi kwanta mini.

Ga inda gizo ke saƙar. Idan kana son muryar tsirkiya ta sauko rabi, alhali tsawonta da ƙarfin ɗaurinta suna nan yadda suke, sai nauyinta ya ninka sau huɗu, wato kaurinta ya ninka biyu. Hanjin tunkiya kuwa in ya kai wannan kauri sandarewa yake yi. Ka taɓa shi da babban yatsa, ya ce dum, ya yi shiru. Shi ya sa magabata suke haɗa kowace kakkaura da siririya mai murya iri ɗaya amma a sama, ta ara mata haske.

Makaɗan Turai sun daɗe suna fama da wannan. A 1610 John Dowland, makaɗin lut na Ingila, ya yaba tsirkiyoyin birnin Benis na Italiya da ake kira katlin, ya kuma kushe wancan haɗin da siririya. A 1676 Thomas Mace, shi ma makaɗin lut na Ingila, ya ambaci wasu da ake kira Pistoy, masu launin ja mai duhu. Wannan jan ya jawo muhawara har yau. Mimmo Peruffo, mai yin tsirkiya a Italiya, ya auna ramukan da ake zura tsirkiya a tsofaffin lut, ya ga sun yi wa kakkauran hanji ƙanƙanta, sai ya ce ai jiƙa hanjin ake yi da sinadarin ƙarfe don ya yi nauyi ba tare da ya yi kauri ba. Wasu kuma sun ce tufka shi ake yi kamar igiya don ya yi laushi. Italiyawa ma sun bi wata hanya, suka tsawaita wuyan kayan kiɗan, aka sami tiyobo, wato lut mai dogon wuya.

Naɗin waya bai bayyana a rubuce ba sai wajen 1660, kuma Dowland ya rasu tun 1626. Ka ga kenan bai taɓa jin wannan amon ba, balle ya tsara kiɗa dominsa.

Naɗaɗɗiya ta zamani, tagulla ce a naɗe kan zaren nailan. Tana da araha, tana daɗewa, ba ruwanta da damina ko hunturu, kuma muryarta tana fita tangaran. Aibinta shi ne ba ta san yin shiru ba. Ka kaɗa tsirkiya ta shida, in an ƙirga daga siraran, ka wuce ta bakwai, waccan tana nan tana ruri, sai muryoyin su cakuɗe su danne siraran da ke ɗauke da waƙar. Kullum babban yatsana yana komawa baya yana toshe musu baki.

Ranar da na ɗaura hanji mai nauyi, irin wanda ake jiƙawa da sinadarin ƙarfe, da farko na ɗauka na yi asarar kuɗi, don amon ya yi mini duhu. Bayan kwana uku sai na fara jin wata murya a tsakiyar kiɗan, wadda na shekara ina kaɗawa ban san tana nan ba. Ta ƙasa takan yi maganarta ta kauce, ta ba na sama wuri. Gaskiya ne hanji yana da tsada, kuma da iska ta sauya sai ka koma murɗa ƙusoshi.

In aljihu bai kai ba, akwai na roba da ake cakuɗawa da garin tagulla, suna kusa da hanji a amo. Fara da canza ta shida kaɗai, ka bar sauran naɗaɗɗun, ka kaɗa su a jere ka saurari inda kowace ke mutuwa.