Yaya, Ko a Ingila Ma Sabuwar Mota Tana Zuwa da Tabo

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara, da kuma kasuwa. Ran nan a waya ka ce in dai mota ta fito daga kamfani a leda, ai magana ta ƙare, ba sai an duba jiki ba. Dariya na yi, kati ya ƙare ban ba ka amsa ba. To ga amsar.

Shekarata biyu ke nan a sashen duba fenti na wata masana'antar ƙera motoci a kusa da Bamingham. Aikina shi ne neman aibi, daga safe har yamma. Gangar jikin mota tana shigowa kan layi, ba taya ba gilashi, ta bi ta wani dogon rumbu da aka jera wa fitilu farare a sama da gefe. Mu kuma muna sanye da riga mara gashi da hula da safar hannu, muna shafa ta kamar mai taya rago. Inda hasken fitila ya karkace a jikin ƙofa, akwai magana a wurin. Sai ka zagaye shi da alli mai maiƙo. Wani lokaci ƙwayar ƙura ce guda ta maƙale a ƙarƙashin ƙyalli, wani lokaci fenti ne ya yi hawaye ya gangaro a gefen murfin tanki, wani lokaci kuma fuskar ce ta yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo. Ƙananan a nan take ake goge su da ƴar takardar yashi mai laushi a bi da injin ƙyalli. Manyan kuwa sai a cire motar daga layi ta koma baya.

Abin da muke kira fenti a gida hawa-hawa ne. Da farko a wanke ƙarfe a tsoma shi a ruwan magani, sannan a nutsar da gangar gaba ɗayanta cikin wani kwatami a sakar mata wutar lantarki, don maganin tsatsa ya shiga har lungun da hannu ba ya kaiwa. Bayan nan sai shimfiɗa, sai launi, sai ƙyalli a sama, ana yi ana gasawa a tanda mai zafin da ya kai digiri 140 ko fiye. Kafin feshi akwai injin da ke kaɗe ƙura, kuma a wasu masana'antu da gashin jimina yake aiki, wallahi na gaske. Hatta irin man shafawa da turaren da za ka sa ka shigo sai da aka yi mana gargaɗi a kai, domin wani sinadarin da ke cikinsu yana sa fenti ya yi ramuka. Duk wannan hawan idan ka haɗa shi bai wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kaurin takarda ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka tuna mai fentinmu na wajen Ƙofar Ruwa da ke feshi a fili cikin hunturu, ana yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta? Yanzu na san Allah ne kawai ke rufa masa asiri, kuma hannunsa ba ƙaramin hannu ba ne.

Duk da wannan tsantseni, wanzami ba ya son jarfa: ni ma sai da aka yi mini. Bara na karɓi sabuwar mota bashi, biya wata-wata, ba ta kamfaninmu ba. Ranar da na ɗauko ta ana yayyafi, ka san ƙasar nan rana baƙuwa ce. Sai bayan kwana tara gari ya washe, na fito daga masallacin Juma'a, na hango ƙofar baya ta hagu ta fi sauran jikin duhu kaɗan. Wani ba zai gani ba. Na aro na'urar auna kauri na ɗora. Ko'ina 120, 130, ƙofar nan kuwa ta haura 300. An sake fesa ta ke nan. Da na koma wurin dilan, da farko yaron ya ce hasken rana ne. Na miƙa masa na'urar na ce ya auna da hannunsa. Ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da manaja da takarda: an goge ƙofar wajen sauke motar daga tirela, aka gyara kafin ta iso gare su.

A nan ne bambancinmu da su yake, Yaya. Akwai dokar kare mai saye ta 2015, wadda ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya a ba ka kuɗinka idan ba su cika yadda ya kamata ba, kuma cikin wata shida na farko ana ɗauka da aibin ka saya, sai in mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Ga garantin fenti, galibi shekara uku, ga na tsatsar da ke huda ƙarfe daga ciki, wanda kamfanoni da yawa ke kai shi shekara 12. Ban mayar da motar ba, ina bukatarta don zuwa aiki. Suka sake fesa ƙofar har launin ya dace, suka ba ni wata na hau na mako guda, suka ƙara da sabis biyu kyauta. Kada ka ɗauka don kirki ne, sai da na yi ta aika saƙo kusan sati uku. Amma babu wanda ya ce mini in an fita da kaya ba a dawowa.

Sai batun fararen Camry da Corolla ƴan Amurka da ka ce rufinsu na salewa kamar fatar maciji, masu saye na cewa ka ɓoye musu hatsari. Da yawansu ba hatsari ba ne. Toyota da kanta ta amsa cewa a wasu fararen motocinta da aka ƙera tun daga wajajen 2008, rana tana raunana riƙon da ke tsakanin shimfiɗa da hawan maganin tsatsa, har ta tsawaita garanti a can tana sake fesawa kyauta. Idan motar ta iso Kano ta Kwatano ko Legas, garantin ya tsaya a bakin teku, ranar da ta fi ta can zafi kuma ta karɓi aiki. Saboda haka ko dillali ya rantse fes bodi ce, wato ba a taɓa sake mata fenti ba, yana iya zama gaskiya ya faɗa, kuma ta sale.

Maganar in aiko maka mota daga nan, ka bar ta. Sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, ga gishirin da suke watsa wa titi lokacin sanyi yana cin ƙasan mota.

Na saya maka irin na'urar auna kaurin nan, ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Maganadisun da kake mannawa fila mai kauri, wato cikon da ake rufe lotsa da shi, kawai yake ganowa, wannan kuwa ko feshi ɗaya aka ƙara za ta nuna. Ka fara aunawa daga rufi, domin shi ne ba a cika taɓawa ba, sannan ka gwada sauran da shi. A kan bamba kada ka wahala, roba ce, ba ta karantawa. Zan ba mai zuwa gida kafin azumi. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin jaka ɗaya da na'urar.