Tsakanin Sugar da Hustlin', Hustlin' za ka ɗauka

Malam, tunda kuɗin faifai ɗaya gare ka, kuma kana waswasi tsakanin Sugar da Hustlin' na Stanley Turrentine, mai busa saksafon a kiɗan jaz, to ɗauki Hustlin'. Duka biyun suna nan a ɗakina. Ɗaya har bangonsa ya fara cinyewa saboda yawan zarowa, ɗayan kuwa sai in baƙo ya tambaya nake tunawa da shi.

Na san masu ce maka Sugar sun fi yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi ne ya fito da Turrentine kasuwa sosai. An ɗauke shi a 1970 a kamfanin CTI na Creed Taylor, aka tara masa manya: Freddie Hubbard a ƙaho, George Benson a jita, Ron Carter a bas. Kiɗa uku ne kacal a bugun farko, kowanne dogo, kowa ya jira layinsa ya zo ya nuna bajinta ya koma gefe. Na farkon yana da daɗi, ban musa ba. Daga nan ni dai hankalina kan tafi wani wuri.

Hustlin' kuwa na gida ne. An ɗauke shi a Janairun 1964 a kamfanin Blue Note, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, wato ɗakin da aka yi Sugar daga baya. Ka ga ba a injin ko ɗaki bambancin yake ba. Wadda ke zaune gaban ogan, wato abin kiɗa mai madannai irin na fiyano, ita ce bambancin: Shirley Scott, matar Turrentine a lokacin. Sa'o'in juna ne, duka haihuwar 1934, shi ɗan Pittsburgh, ita 'yar Filadelfiya. Sun yi aure a 1960, kuma kusan shekara goma suna yawon kiɗa tare a ƙananan gidajen rawa na unguwannin baƙaƙen fatar Amurka, inda ogan Hammond da saksafon da ganga suka isa su raya dare.

Kada ka ɗauka a bayan miji ta shigo sana'ar. Kafin auren ta riga ta yi suna tare da wani mai busa saksafon, Eddie "Lockjaw" Davis, da faya-fayan Cookbook da suka yi wa kamfanin Prestige a 1958, har ana mata kirari da sarauniyar ogan. Kwantiragin nan nata da Prestige shi ya sa a faifan Turrentine mai suna Dearly Beloved, wanda Blue Note ya ɗauka a 1961, ba a iya rubuta sunanta ba, sai aka sa "Little Miss Cott". Wa aka ruɗa? Duk mai kunne ya san hannunta.

Ga abin da za ka saurara. Yawancin masu ogan na zamanin, irin su Jimmy Smith, su suke riƙe ƙasan kiɗan da kansu, da hannun hagu da ƙafa. A Hustlin' an kawo Bob Cranshaw ya riƙe bas, saboda haka hannuwanta biyu sun samu sarari. Ba ta cika wa mai busa kunne. Turrentine yana da sauti mai kauri, yana jan baƙi guda ya lanƙwasa shi kamar zai yi magana, to a ɗan tsakanin da zai ja numfashi sai ta jefa nata, gajere, ta janye kafin ya dawo. Irin luguden mata biyu a turmi ɗaya, taɓarya ba ta taɓa karo da 'yar'uwarta. Wannan ba a koyonsa a yini guda a ɗakin ɗaukar sauti, sai mutanen da suka daɗe suna jin numfashin juna. Kenny Burrell yana nan a jita, Otis Finch a ganguna, dukansu sun san ba nasu ne taron ba, sun tsaya inda ya kamata.

Uwargidana ba ta son jaz, ta ce kiɗa ne da ba baiti ba amshi. Wata rana da daddare na sa "Ladyfingers", wanda Shirley ce da kanta ta tsara shi, tana ninke kayan yara, sai ta tsaya ta ce wa ke danna wannan abin? Na ce matar mai busar ce. Ta ce, "Haba, shi ya sa. Ka ji ba ta barinsa ya yi nisa." Tun daga ranar in na sa faifan ba ta cewa in rage murya, wanda a gidanmu wannan ba ƙaramar lambar yabo ba ce.

Kiɗa shida ne a ciki, ba wanda ya wuce gona da iri. "Trouble (No. 2)" ne ya buɗe, "Love Letters" na biye, amma ni wanda ya rufe nake jira, "Goin' Home". Asalin karin daga kiɗan Dvořák ne, mutumin ƙasar Cek, wanda ya rubuta a Amurka a 1893, daga baya aka sa masa baitoci har mutane da yawa suka zaci tsohuwar waƙar cocin baƙaƙen fata ce. Su biyun suka ɗauko shi suka mayar da shi gidan rawa ba tare da sun zubar masa da mutunci ba. Auren ya mutu a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da shi ya koma CTI kasuwa ta buɗe masa, ita kuma aka rage jin ɗuriyarta, daga baya ta koma koyarwa a jami'ar Cheyney. Shi ya rasu a 2000, ita a 2002. In ka ji ana lissafa faya-fayan Turrentine yau, da wuya a fara da waɗanda suka yi tare, kuma a ganina an ci mata haƙƙi.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja kunnenka kan masu sayarwa a intanet. Duk faifan Blue Note da suka samu sai su ce bugun farko ne, su ninka kuɗi. An sha sake buga Hustlin', kuma sabon bugu ba laifi ba ne, sautinsa ma ya fi na tsohon da allura ta gama cinyewa. Laifin shi ne a sayar maka da sabo a kuɗin tsoho. Na ainihin shekarun nan takardar tsakiyarsa tana ɗauke da adireshin New York, kuma a sumul ɗin da ke kusa da ita za ka ga an buga VAN GELDER. Wasu kuma tsohon bango suke samu su zura wani bugun a ciki. Ka ce ya zaro faifan, ya ɗauko maka hoton tsakiyar gaba da baya a cikin haske, ya kuma sa shi a inji ya turo maka bidiyo kana jin sautin. In ya fara cewa ba wuta ko injinsa ya lalace, riƙe kuɗinka.

Sugar kuma ka saurare shi a waya, ya ishe ka.