Bibiyar Jackson Chourio daga Kano: abin da manhajar MLB da shafin Baseball Savant suke bayarwa

A birnin da gidajen kallo suke cika maƙil domin gasar Firimiya ta Ingila, masoya Kano Pillars kuma suke da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, mai sha'awar wasan besbol ba shi da madogara sai wayarsa, domin da wuya a sami mai gidan kallon da zai buɗe ƙofa da ƙarfe ɗayan dare saboda wasan da ake yi a Milwaukee. Hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, tana da hanyoyi uku da mutum zai bi wasanninta daga nesa: manhajar waya wadda mafi yawan abin da ke cikinta kyauta ne, da tashar MLB.TV wadda ake biya, da kuma shafin ƙididdiga mai suna Baseball Savant wanda shi ma ba a biyan ko sisi. Na auna dukkansu da tambaya ɗaya, wadda ita ce ta fi damun duk mai bibiyar matashin ɗan wasa: shin za su iya nuna wa Bakano ko yaron yana duka yadda ya kamata, kuma ko gurbinsa a ƙungiya yana nan daram ko yana rawa? Ma'aunin da na ɗauka shi ne kakar 2024 ta Jackson Chourio na ƙungiyar Milwaukee Brewers.

Chourio ɗan garin Maracaibo ne a ƙasar Benezuwela, an haife shi a watan Maris na 2004, kuma yana cikin 'yan wasa ukun da suke tsaron bayan fili, waɗanda aikinsu shi ne cafe ƙwallon da aka tula sama kafin ta taɓa ƙasa. A watan Disamba na 2023, tun bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasa ba, Brewers suka ba shi kwantiragin shekara takwas a kan dala miliyan 82, kuɗin da ya zarce dala miliyan 50 da Chicago White Sox suka ba Luis Robert a 2020, wanda a lokacin shi ne mafi tsoka ga ɗan wasan da bai fara ba. Wasa shida kacal ya yi a mataki na ƙarshe na ƙananan gasanni kafin a ɗauko shi. Ranar 29 ga Maris 2024 ya fara wasa a gidan New York Mets yana da shekara ashirin da 'yan kwanaki, kuma shi aka sa ya fara duka.

Daga nan al'amura suka cakuɗe masa. A besbol ana auna mai duka da yawan lokutan da ya bugi ƙwallo ya isa tasha lafiya, wato ɗaya daga wuraren tsayawa da yake bi da gudu kafin ya ci maki, cikin damarmakin da ya samu, kuma wanda ya kai .300, wato sau uku cikin goma, gwani ne. Zuwa ƙarshen watan Mayu Chourio yana wajen .210, masu jifa suna yawan fitar da shi ba tare da sandarsa ta yi wani abin kirki ba, kocinsa Pat Murphy kuma yana ajiye shi a benci wasu ranaku. Wanda ya dogara da sakamakon da manhaja take aiko masa kowace safiya ba zai ga komai ba sai lambobi marasa daɗi, kuma zai yanke cewa ya kamata a mayar da yaron Nashville, inda ƙaramar ƙungiyar Brewers take. Ba zancen banza ba ne, domin a watan Afrilun wannan shekarar Baltimore Orioles sun mayar da Jackson Holliday ƙaramar gasa bayan ya yi duka biyu kacal cikin dama 34, alhali ana ɗaukarsa a matsayin matashin da ya fi kowa alamar haske.

A nan ne Baseball Savant ya nuna amfaninsa, kuma a ganina shi ne mafi daraja cikin ukun duk da cewa shi ne ba ya karɓar kuɗi. Shafin yana ɗauko bayanansa daga tsarin Statcast, wanda aka kafa a dukkan filaye talatin na gasar tun 2015, aka kuma mayar da shi kan kyamarorin Hawk-Eye a 2020. Kowace ƙwallon da aka jefa, ana rubuta gudunta da lanƙwasarta da inda ta ratsa. Kowace wadda aka buga, ana rubuta ƙarfin da ta bar sanda da shi da kusurwar da ta tashi. Ƙwallon da ta bar sanda da gudun mil 95 a awa ko fiye, wato kimanin kilomita 153, ita ake lissafawa a matsayin duka mai ƙarfi. Daga waɗannan ma'aunai shafin yake fitar da matsakaicin da ya kamata mutum ya samu bisa ingancin dukansa, ya ajiye shi kusa da wanda ya samu a zahiri, ta yadda mai karatu zai rarrabe tsakanin wanda yake tula ƙwallo da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro da wanda sandarsa ce ba ta da kaifi. A watan Mayu na 2024 aka ƙara ma'aunin saurin wurga sanda, wanda ya zo daidai lokacin da ake ta muhawara a kan Chourio.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne akwatin bincike na shafin. Mutum zai iya zaɓar ɗan wasa, ya zaɓi watanni, ya zaɓi irin jifa, ya ce a nuna masa duk lokacin da aka fitar da shi, sai a jero masa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gajeren bidiyonsa na 'yan daƙiƙu. Wanda ya yi haka da watannin farko na Chourio zai ga yaro mai saurin hannu yana bin ƙwallayen da suke lanƙwasa suna ficewa daga inda ya kamata a buga, abin da masu jifa na babbar gasa suke yi wa kowane sabon shiga har sai ya nuna musu ya gane. Wannan matsala ce ta ido da haƙuri, wadda gogayya take gyarawa, ta sha bamban da ta wanda ba ya iya cim ma ƙwallo mai gudu. Maigida a Kantin Kwari ba ya sallamar yaron shago saboda cinikin mako guda ya yi ƙasa, yakan duba yadda yake tarbar mai saye da yadda yake auna yadi, kuma irin wannan kallon ne shafin yake ba mai bibiya damar yi. Daga watan Yuni zuwa ƙarshen kaka Chourio ya buga sama da .300, ya kammala shekarar da .275, da homran 21, wato dukan da yake tsallake katangar fili, da satar tasha 22, wato rugawa zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran an bugi ƙwallo ba. A watan Satumba ya zama mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar da ya haɗa ashirin na kowanne a kaka ɗaya, sannan ya zo na uku a zaɓen gwarzon sabon ɗan wasa na National League, ɓangaren gasar da Brewers suke ciki, bayan Paul Skenes da Jackson Merrill.

Shafin yana da nakasunsa, kuma wanda ya fi haɗari shi ne wanda ya fi kyan gani. A saman bayanan kowane ɗan wasa akwai jerin sanduna masu launi da suke nuna matsayinsa cikin ɗari idan an gwada shi da sauran: ja alamar ƙwarewa, shuɗi alamar rauni. Suna da sauƙin fahimta har ga wanda bai iya Turanci sosai ba, amma a farkon kaka, lokacin da ɗan wasa bai sami dama da yawa ba, mako ɗaya mai kyau ko mummuna yakan sauya launin gaba ɗaya, sabon mai karatu kuma yakan ɗauki launin tamkar hukuncin alƙali. Ƙari a kan haka, komai da mil da ƙafa ake aunawa, gajerun sunayen ma'aunai sun yi yawa, tebura masu faɗi kuma ba sa zama da kyau a fuskar ƙaramar waya, don haka wanda yake da kwamfuta zai fi jin daɗinsa nesa ba kusa ba.

Babban abin da Baseball Savant ba ya faɗa shi ne dalilin da ya sa ƙungiya take riƙe ɗan wasa ko ta sake shi, domin wannan ba a kan duka kaɗai yake ba. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 26 da suke buga wasa, su zama 28 a watan Satumba, a cikin babban jeri na mutum 40, kuma ana iya saukar da matashi zuwa ƙaramar gasa a cikin kaka uku daban-daban ba tare da wata ƙungiya ta sami damar ɗauke shi ba. Ke nan babu dokar da ta hana a saukar da Chourio. Abin da ya taimake shi yana cikin sashen sauye-sauyen 'yan wasa da jerin masu rauni na manhajar MLB, sashen da mutane da yawa suke tsallakewa: cikin abokan wasansa masu tsaron bayan fili, Garrett Mitchell ya karya yatsa gab da fara kaka bai dawo ba sai farkon Yuli, Christian Yelich kuma ciwon baya ya kwantar da shi a watan Afrilu, ya sake tayar masa a ƙarshen Yuli har aka yi masa tiyata. Idan aka haɗa da saurin gudun yaron da iya tsaronsa, waɗanda suke amfanar ƙungiya ko a ranar da bai buga komai ba, da kuma kuɗin da aka riga aka zuba a kansa, sai a gane cewa gurbinsa bai taɓa zama cikin haɗari kamar yadda .210 take nunawa ba. Manhajar tana kawo waɗannan labarai a kan lokaci kuma a tsare, sai dai ba ta haɗa wa mutum su, shi ne zai zauna ya ɗinke su da kansa.

Sauran abin da manhajar take bayarwa kyauta ya wadatar. Akwai sashen Gameday wanda yake zana kowace jifa da rubutu yayin da ake wasa, ba ya cin data sosai, kuma yana aiki ko da sabis ya yi rauni. Akwai gajerun bidiyon muhimman wurare bayan an tashi, akwai kuma damar ɓoye sakamako domin kada mutum ya san wanda ya ci kafin ya kalla, abin da ya dace ƙwarai da wanda yake kallo bayan sallar Asuba.

MLB.TV ita ce na fi jinkirin ba kowa shawarar saye. Hotonta yana da kyau, tana ba da zaɓin masu sharhin kowace ƙungiya, ana iya komawa a kalli wasan da ya wuce daga farko, kuma takunkumin da yake hana 'yan Amurka kallon ƙungiyar yankinsu kai tsaye bai shafi mazaunin Najeriya ba. Amma a lokacin kaka Kano tana gaban Milwaukee da awa shida, don haka wasan dare yana farawa wajen ƙarfe ɗaya na dare a nan, kuma ko da yake agogon da yake ƙayyade wa mai jifa lokaci, wanda aka kawo a 2023, ya rage tsawon wasa zuwa kimanin awa biyu da minti arba'in, mutum ba zai kwanta ba sai kusan ƙarfe huɗu. Ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kusan kullum ke nan daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma babu mai fita kasuwa ko ofis da safe da zai jure wannan. Wasannin rana ne kaɗai suke zuwa daidai, musamman na Lahadi, waɗanda a gidan Brewers suke farawa wajen ƙarfe bakwai na yamma agogon Kano. Sai maganar kuɗi: farashin shekara a Amurka a 2024 ya kasance dala 149.99, wanda a canjin wannan shekarar ya haura naira 200,000, kusan albashin wata uku ke nan ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi. Ba a lissafa datar da bidiyon awa uku zai cinye ba, wadda ta ƙara tsada bayan ƙarin kuɗin sadarwa na farkon 2025, ba a kuma lissafa neman katin da zai iya biya da dala ba.

Duk da haka ba zan ce kallon kai tsaye ba shi da abin da ya keɓanta da shi ba. A wasa na biyu na matakin farko na wasannin neman kofi da ake yi bayan kaka, a farkon Oktoba 2024, Chourio ya buɗe dukan Brewers da homran a kan Mets, ya sake buga wani a zagaye na takwas cikin zagaye tara na wasan wanda ya daidaita maki, kafin Mitchell ya buga wanda ya ba su nasara da ci 5 da 3. Tebur ba zai taɓa ɗauko nauyin wannan daren ba, kamar yadda ba zai ɗauko ɗacin washegari ba, lokacin da Pete Alonso na Mets ya buga homran a zagaye na tara wanda ya fitar da Brewers. Sai dai irin waɗannan darare kaɗan ne a shekara, kuma biyan kuɗin kaka gaba ɗaya dominsu ba dabara ba ce ga mafi yawan masu karanta wannan.

Shawarata ga Bakanon da yake son bibiyar matashin mai tsaron bayan fili, ko Chourio ne ko Merrill ko wani da zai taso, ita ce ya sauke manhajar kyauta ya riƙa duba sashen sauye-sauye da na masu rauni, ya buɗe Baseball Savant sau ɗaya a mako maimakon kullum, kuma ya yi haƙuri da launukan ja da shuɗi har sai watan Yuni ya kama. Wanda yake da hali kuma ya matsu ya ga wasa da idonsa, ya ɗauki MLB.TV na wata ɗaya a Satumba, lokacin da ake fafutukar gurbin zagaye na gaba, ya tsara kallonsa a kan wasannin Lahadi.