Daga Ingila: yadda "can", "could" da "may" ke aiki a kanti, kemis da asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu shirin tahowa karatu ko aikin jinya.

A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, mutum zai yi sallama, ya tambayi mai shago ya kasuwa, ya iyali, sannan ya ce "ba ni yadi biyar". Babu mai ganin rashin ladabi a nan, domin gaisuwa ta riga ta share hanya. A Ingila farashi na manne a jikin kaya, ba a taya, ba a ragi, ga layi a bayanka, gaisuwar kuma ba ta wuce kalma ɗaya. Saboda haka ladabin da muke zubawa a gaisuwa, su a cikin kalmar roƙon suke sa shi. Wanda ya ɗauko "ba ni" ya mai da ita "give me", a kunnen mai kanti umarni ya bayar, ko da kuwa da murmushi ya faɗa. Abin da ake cewa shi ne "Can I have a loaf of bread, please?"

Kalmomin neman izini hawa uku ne. "Can I" ita ce ta yau da kullum, a kanti, a mota, a wurin aiki. "Could I" ta fi taushi, ita ake yi wa wanda ba a sani ba, ko idan roƙon zai ɗora wa mutum ɗawainiya, kamar sauya ranar ganin likita: "Could I change my appointment?" "May I" kuwa ta ofis ce, a bakin ma'aikacin banki aka fi jin ta idan zai duba katin shaida. Ita da "I" ko "we" kaɗai take tafiya wajen roƙo. Idan wani kake so ya yi maka abu, "Can you" ko "Could you" za ka ce, ban da "May you". Kuma idan aka tambaye ka da "Could I", amsar ita ce "Yes, you can" ko "Of course".

A kemis ne bambancin ya fi fitowa fili. A gida mutum kan ambaci sunan kafso a miƙo masa. A nan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin yawanci ba ya fita sai da takardar likita ko ta wani ma'aikacin lafiya mai izinin rubutawa. Idan mai kemis ya ce "I can't sell you that", ba wai babu maganin ba ne, ba kuma buɗe ƙofar ciniki ya yi ba. Doka ce ta ɗaure masa hannu, magiya ba ta warware ta. Ko farasitamol ma ƙwaya 16 ne a kwalin babban kanti, 32 a kemis, kuma yawancin kantuna ba sa sayar wa mutum fiye da kwali biyu a lokaci guda. Ganin likitan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ba a biya a wurin, amma a Ingila akwai kuɗin kowane magani da aka rubuta, wanda ya koma fam 9.90 a Mayun 2024. Yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60 ba sa biya.

Gaban likita kuma aikin "can" na biyu ne ke tasowa, wato nuna iyawa. Lokacin ganin likita gajere ne, sau da yawa minti goma, don haka gara jimlar ta fita daidai: "I can't lift my arm" ga abin da ya gagara yanzu, "I couldn't sleep last night" ga na jiya. Kurakuran da aka fi tahowa da su daga gida uku ne. Ba a sa "to" bayan "can", ba a ƙara mata "s" ko da mutum ɗaya ake nufi, sannan ba a cewa "I can be able to", domin maimaita abu ɗaya ne. Amfanin "be able to" shi ne cike gurbin da "can" ba ta shiga, kamar nan gaba: "Will I be able to work next week?" Akwai wani wuri mai santsi a "could". Tana nufin iyawar da mutum ke da ita a da, kamar "I could walk far before". Amma abin da aka samu yi sau ɗaya bayan fama, "I managed to" ko "I was able to" ake cewa.

A kula da furuci sosai a waya. Mutanen kudancin Ingila suna jan wasalin "can't" ya yi tsawo, ita kuwa "can" a tsakiyar jimla gajeruwa ce ƙwarai. Idan harafin ƙarshe ya ɓace, "I can't breathe" na iya komawa akasinta a kunnen mai amsa 999, lambar neman agajin gaggawa. Mai shakka ya ce "cannot" cikakkiya. Wanda Turancinsa bai kai ba, NHS na samar da tafinta kyauta, sai dai a nema tun lokacin kama layi: "Can I have a Hausa interpreter?"

"May" da ke rubuce a jikin kaya yawanci ba izini take bayarwa ba, "mai yiwuwa" take nufi. "May cause drowsiness" a kwalbar magani na nufin zai iya sa barci, kada a yi tuƙi idan an ji hakan. "May contain nuts" gargaɗi ne ga wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa da danginta. Haka takardar da likita ke bayarwa idan rashin lafiya ya wuce kwana bakwai: ko dai ta ce "not fit for work", ko ta ce "may be fit for work". Ta biyun na nufin mai yiwuwa ka iya aiki idan an sassauta maka, kamar rage awa ko cire ɗaukar kaya mai nauyi, sai ka zauna da mai gidan aikin ku tsara.

Sai kuma "you don't have to" da "you mustn't". Ta farko "ba dole ba ne", ta biyu "kada". Ma'aikaciyar jinya da ta ce "You mustn't eat before the operation" hani ta yi, kuma cin abinci na iya sa a ɗage tiyatar.

Wajen aro, Hausa na amfani da tushe ɗaya, "ara mini" da "na ari", shi ya sa ake jin "Can you borrow me?" Turanci ya raba su: "Can I borrow your pen?" ko "Can you lend me your pen?" A motar bas ta Landan kuwa ba sai an tambaya "Can I pay cash?" ba, domin tun 2014 aka daina karɓar tsabar kuɗi. Katin Oyster na biyan kuɗin mota ko katin banki ake ɗorawa a kan na'ura mai ruwan ɗorawa da ke kusa da direba.