Darussan gida na karatu da labarin ƙasa: yadda na same su

Na sayi ƙunshin darussan nan ne don 'yata da ke aji 2 a firamare, kuma ɓangaren karatu ya fi gamsar da ni. Ba a fara da haddar sunayen haruffa ba, an fara da sautinsu: yaro ya ji baƙi, ya haɗa shi da wasali, ya tada gaɓa, sannan kalma. Darussan gajeru ne, kafin ta fara hamma an gama. Yanzu ko rubutun jikin kwali ta gani sai ta tsaya ta haɗa.

Labarin ƙasa ma ya fara da kyau: ta zana taswirar ɗakinta, ta gane gabas da yamma ta fitowar rana da faɗuwarta. Daga nan sai aka jibga nahiyoyi 7 da tekuna 5 a shafi guda, wanda ya yi wa ƙaramin yaro yawa. Taswirar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, irin mai nuna tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Dole na nemo taswira mai siffar ƙwallo.

Mai niyyar saye ya sani, sai babba ya zauna kusa yana karanta wa yaron umarnin kowane aiki.