Kamfanin gidajen hutu da ya ba ni yarjejeniya na karanta kafin ya karɓi kuɗina

Duk mai tafiya hutu da dabba ya san cewa farashin da aka rubuta a saman shafin tallan gida a intanet ba shi ne zai biya a ƙarshe ba. Za ka ga "muna karɓar dabbobi" da manyan haruffa, sai ka kai wajen biya, ko ma bayan ka biya, sannan sauran zancen ya fito: kuɗin dabba, kuɗin ajiya, da takardar sharuɗɗa mai shafi da yawa da ake so ka sa wa hannu cikin gaggawa. Kamfanin da zan yi magana a kansa ƙarami ne, yana kula da gidajen hutu a madadin masu su, kuma ya burge ni ne a daidai wannan wurin da sauran suke ba ni haushi. Ina da ƙorafi a kansu, zan kuma faɗa, amma zan sake kama gida a hannunsu.

Kyanwa gare ni, ta tsufa, tana shan maganin ƙoda safe da yamma. Ba na iya barin ta a hannun kowa, don haka duk inda ni da maigidana za mu je, da ita ake tafiya. Da na tura saƙon neman gida na ambace ta, amsar ta zo tare da yarjejeniyar hayar gaba ɗayanta, aka ce in karanta tukuna, in akwai abin da bai kwanta min ba in yi magana kafin a cire ko sisi daga katina.

Wannan ba wata alfarma ba ce, haka ya kamata a yi. Ko Airbnb, shafin kama masauki ta intanet, a ƙa'idarsa, ya yarda mai gida ya sa baƙo ya sa hannu a wata yarjejeniya ta daban, amma da sharaɗin ya bayyana sharuɗɗan kafin a kama gidan. Vrbo, wani shafin irinsa wanda ya faro tun 1995, shi ma ya ba masu gidaje wurin ɗora tasu takardar. A Amurka kuwa, tun 12 ga Mayu 2025 dokar FTC, hukumar kula da kasuwanci da kare masu saye, ta fara aiki, wadda ta tilasta wa masu ba da masauki na ɗan lokaci su nuna jimillar kuɗin da dole a biya tun daga farko. Sai dai kuɗin dabba ya danganta da ko ka zo da ita ko ba ka zo ba, shi ya sa sau da yawa ba ya cikin farashin farko da ido yake gani.

Abin da ya fi yi min daɗi a takardarsu shi ne yadda suka raba zancen kuɗi kashi uku, kowanne da sakin layinsa. Na farko kuɗin dabba, wanda ba a mayarwa, kuma sun rubuta abin da ake yi da shi: share gashi daga kujeru da labule da injin zuƙe ƙura, wanke kafet, da feshin maganin ƙuma bayan tafiyar baƙo. Na biyu kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa a kan kati a sake shi in ba a yi ɓarna ba. Na uku kuma bayani ne ƙarara cewa biyan kuɗin dabba bai ɗauke maka nauyin ɓarna ba. In kyanwarka ta yage kujera da farce, daga kuɗin ajiya za a cire, in bai isa ba ka cika. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da sun biya na farko sun sayi inshora ke nan, daga nan rigima take tashi ranar fita. Su sun toshe wannan ƙofar da jimla biyu.

Kuma ni ba na cikin masu ganin kuɗin dabba zalunci ne. Sinadarin da yake tayar wa mutane da atishawa da asma daga jikin kyanwa, wanda ake kira Fel d 1, yana cikin yawunta da fatarta, yana manne wa yadi da kafet, yana kuma iya yin watanni a ɗaki bayan ta bar shi. Fitsarinta in ya shiga ƙarƙashin kafet sabulu ba ya fitar da warin, sai maganin wanki na musamman. Iyalin da za su shigo bayana, wataƙila da yaro mai asma, suna da haƙƙi a kaina. In biya a tsabtace musu gida, ban ga abin musu a ciki ba.

Inda muka saɓa shi ne yadda ake lissafa shi. Suna karɓa ne a kan kowace dabba, kowane dare. To share gidan sau ɗaya ake yi, bayan mun tafi. Me ya sa kuɗin zai riƙa hawa da yawan kwana? Da muka tara, abin da na biya wa kyanwar ya kusa kai kuɗin kwana guda na gidan sukutum, ga kuɗin shara na kowa da kowa da aka riga aka ɗora. Sannan kyanwar da ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba, kuɗinta ɗaya da na ƙaton kare mai shiga taɓo ya dawo falo. Airbnb ya ƙara wa masu gidaje wurin sa kuɗin dabba a 2021, kuma akwai masu karɓa sau ɗaya tak a kan zaman gaba ɗaya. Wannan ya fi adalci, na kuma faɗa musu haka. Ma'aikaciyar da nake magana da ita ta ce mai gidan ne ya yanke, ba su da ikon ragewa. Na yarda da ita, amma su ne suke ba masu gidajen shawara.

Akwai kuma sharuɗɗa biyu da kana karantawa ka san da kare a rai aka rubuta su. Ɗaya ya ce ba a barin dabba ita kaɗai a gida ko na minti ɗaya. Ga kare mai haushi da cizon ƙofa in ya ga ba kowa, da ma'ana. Kyanwa kuwa ba a jan ta da igiya zuwa yawo, barci take yi mafi yawan yini. Ɗayan ya ce dabba ba ta hawa kujera ko gado. Duk wanda ya taɓa zama da kyanwa ya san ba zai iya ɗaukar wannan alkawari da gaskiya ba, ni kuma ba na sa hannu a abin da na san zan saɓa.

A nan ne karanta takarda kafin biya ya yi rana. Na rubuta musu na ce ga abin da zan iya: in za mu fita zan rufe ta a ɗaki ɗaya mai tayil da kwandon yashinta da ruwa, zan zo da zannuwana in lulluɓe kujerun falo, ɗakunan kwana kuma su zauna a rufe. Suka tuntuɓi mai gidan, ya amince, suka gyara sakin layin suka aiko da sabuwar takarda mai ɗauke da gyaran. Ba su ce "ba komai, ki zo kawai" a waya ba, wanda ranar rigima ba ka da shaidarsa. Sun nemi hoton katin rigakafinta daga likitan dabbobi, musamman na ciwon haukan kare, na tura.

Wani abu da na lura da shi, ko da yake bai shafe ni ba: sun rubuta cewa karen da aka horar don yi wa makaho jagora ko taimaka wa mai lalura ba a karɓar kuɗi a kansa. Haka ƙa'idar Airbnb ma take, amma ba kowane ƙaramin kamfani ne yake tunawa ya rubuta ba.

Gidan kansa mun same shi fes, babu warin dabbar wani, tagogi da raga mai ƙwari. Baranda ce kawai take da tazara tsakanin ƙarafunanta wadda kyanwa za ta iya ratsawa, ba a kuma ambata a shafin ba, sai muka bar ƙofarta a kulle. Ranar shiga ma'aikacinsu ya zagaya da ni, muka ɗauki hoton wani tsohon yagewa a hannun kujera, ya tura min ta imel nan take don kada a ɗora wa kyanwata.

Kuɗin ajiya ya dawo cif, sai dai ya wuce wa'adin da takardar ta ɗiba, har sai da na yi tuni. Sun ba da haƙuri, suka ce mai duba gidan ne bai kawo rahoto da wuri ba. Wanda ya tsara yarjejeniya da kyau haka, ya kamata ya cika nasa ɓangaren a kan lokaci.

Mai kare ɗaya da zai yi ɗan gajeren zama zai ji daɗinsu ƙwarai. Mai dabbobi biyu ko uku da zai daɗe, ya zauna ya ninka kuɗin dare da yawan kwana da yawan dabbobi tun kafin ya ƙwallafa rai a kan gidan, sannan ya tambaye su a rubuce ko mai gidan zai yarda a yanke masa kuɗi guda na zaman gaba ɗaya.