Jakar goyo don doguwar tafiya: wadda zan saya da waɗanda ba zan ko kalla ba

Ɗan yayata ya gama karatu a Samaru, yana jiran bautar ƙasa, sai ya ce zai bi sawuna ya zaga maƙwabta. Tambayarsa ta farko ita ce: "Kawu, wace jaka zan saya?" Na ji daɗi ƙwarai, domin yawancin matasa kuɗin mota da wurin kwana suke tambaya, su manta da abin da zai zauna a gadon bayansu wata da watanni.

Ina da ƙuruciyata na hau mota a Kwangila, na bi ta Katsina da Jibiya na shiga Maraɗi. Daga nan Yamai, Wagadugu, na gangara Kumasi na zauna a Zango, sai Akara, Lome, Kwatano, na dawo gida ta Seme. Wata bakwai na yi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza, ita ta buɗe mini hanya, da fasfo da katin allurar shawara. Yau Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar tun Janairun 2025, ga matsalar tsaro, don haka a bincika halin hanya kafin a ɗaura niyya. Tun daga waccan tafiya tawa ban sake zama wuri ɗaya ba, kuma na kashe jakunkuna da dama.

Akwati mai taya na filin jirgi ne, yashin tasha zai cinye tayarsa a mako guda. Gana-mas-go tana da arha da ɗaukar kaya, amma ba a goya ta. Jakar sojoji tana da ƙarko, sai dai nauyi, kuma mai kalar kakin soja tana jawo tambayoyi a kowane shinge. Quechua da Forclaz na kamfanin Decathlon ba laifi ga mai ƙaramin ƙarfi, idan ya samu ta gaske. Osprey ta Amurka jaka ce mai kyau, musamman Farpoint 40 da ke buɗewa kamar akwati, kuma sun shahara da alkawarin gyara, amma wa zai aika jaka daga Zariya zuwa ƙetare don a canza zif?

Ni dai Deuter nake so, kuma ta gwanjo. Kamfanin Jamus ne, an kafa shi a Augsburg a 1898, da ɗinkin buhunan wasiƙu ya fara. Abin da ya sa na manne mata shi ne bayanta. A 1984 suka fito da tsarin raga da ke raba jaka da gadon baya, iska na ratsawa ta tsakani. Wanda bai taɓa tafiya a ƙasa da kaya cikin zafin Afrilu a Yamai ba zai ɗauka ado ne. Da jakar da ke manne wa baya, riga takan jiƙe sharkaf kafin azahar, ƙuraje su feso. Masu raga su ne jerin Futura. Jerin Aircontact kuwa soso ne mai huda, sun fi dacewa da kaya masu nauyi.

Na biyu, ɗamarar ƙugu. Jaka ta ƙwarai a ƙugu take sauke yawancin nauyinta, kafaɗa riƙo kawai take yi. Ɗamarar Deuter tana da kauri, tana zama daidai kan ƙashin ƙugu, kuma a manyan jakunkunan ana iya ɗaga madaurin kafaɗa ko a sauke shi daidai tsawon bayan mutum. Idan ka ga an rubuta 45+10, ana nufin lita 45, murfin na ɗagawa ya ƙara 10. 'Yan'uwa mata su nemi mai harufan SL, an yanka ta don gajeren baya da ƙaramar kafaɗa. Tawa a dilar gwanjo aka fasa ta, da ɗan tabo a gindi. Shekarunta da yawa a hannuna, gyara ɗaya ta taɓa nema, wani baduku a cikin Birni ya ɗinke aljihun gefe kafin in gama shan shayi.

Kada ka wuce lita 40 zuwa 50. Babbar jaka cika ta za ka yi, kamasho ya caje ka kuɗin kaya, yaran mota su ɗaure ta a saman mota tare da buhunan albasa. Ƙarama kan cinyarka za ta zauna, idonka a kanta, a kan acaɓa ma ba ta rinjayarka. Jirage da yawa kilo 7 suke yarda a shiga da shi ciki.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, jabu. Jakata ta farko sabuwa fil na saye ta a leda, da sunan wani babban kamfani a goshinta, mai shagon har da rantsuwa. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Muna sauka a kan iyaka don duba takardu, na saɓa ta, madaurin dama ya tsinke daga tushe. A daren nan zif ya buɗe baki, kayana suka zube a tasha gaban mutane, takardar allurata ta faɗa cikin ruwa. Da igiyar ɗaure akuya na ƙarasa Kumasi, kafaɗata ta yi mako uku tana ciwo, kuɗin abincin kwanaki suka tafi a sayen wata jakar. Har yau idan na ga yaro ya goyo irinta zuciyata na sosuwa.

Don haka ka fara da zif. Manyan kamfanoni da zif ɗin kamfanin YKK na Japan suke aiki, harufan na jikin majanyin. Amma masu jabu ma sun iya buga harufan, to ka ja shi sau goma da hannu ɗaya, har da kan kwana. Na gaske yana tafiya sumul, na jabu yana cijewa. Ka juya jakar ciki waje. A ta gaske an naɗe bakin kowane ɗinki da kirtani, inda madauri ya haɗu da jiki an maimaita ɗinki sau da yawa wuri ɗaya. A jabu layi ɗaya ne, zare na reto. Ka matsa soson kafaɗa, idan yatsunka suka haɗu kamar soson wanka, ajiye ta. Ka lalubi baya, dole ka ji sandar ƙarfe ko faranti mai tauri, ba kwali ba. Maƙalan roba na ƙwarai suna da sunan maƙerinsu a ciki, kuma suna rufewa da ƙara, ƙas.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa tasa a Jamus aka yi. Deuter da Osprey na zamanin nan a Biyetnam ake ɗinka su, ganin sunan ƙasar a takardar ciki ba aibi ba ne. Sabuwa dal da ake sayarwa a kuɗin jakar makaranta kuwa jabu ce, ko waye ya rantse. Gwanjo ma tana da tata cutar: ka shafa cikin yadin, idan yana danƙo ko yana ɓarewa kamar garin alabo, rufin hana ruwa ya mutu, ba ya gyaruwa. Masu tallar Facebook da Instagram da ke ɗora hoton kamfani su ce a turo kuɗi tukuna, kada ka tura ko sisi sai jaka ta zo hannunka.

Ni da ɗan yayan nawa ranar Asabar za mu shiga Sabon Gari, idan ba mu dace ba mu wuce Ƙofar Wambai a Kano. Na ce masa za mu sayi jakar fiya wata ɗaya a bakin kasuwa, ƙulli 20, kilo 10 ke nan. Duk jakar da ta burge shi, za mu zuba ruwan a ciki, ya ɗaura ɗamara, ya je ƙarshen layi ya dawo. Ɗan kasuwar da ya hana mu gwadawa, mu yi masa sallama mu matsa rumfa ta gaba.